Rigar Lasad

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan zama, Si Munsif, wakilin hukumar gari. Mai girma limaminmu, Shaihu Mukhtar. Rayis Tijani shugaban masunta, tare da mutanensa da na hango sun jeru a bakin ƙofa don sulalewa ta yi musu sauƙi. Baƙuwarmu Lalla Suraya, wadda ta taso takanas daga Tunis. Iyayena mata da 'yan'uwana ma'abota allura da zare. Jama'ar gari, manya da yara: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Munjiya. Ni ce matan ƙungiyar masu ɗinkin bargo suka ɗora wa shugabanci, ba don na fi su iya riƙon allura ba, sai don na fi su baki. Ina godiya ga hukumar gari da ta ba mu aron wannan ɗaki, da waɗanda suka kafa mana igiyoyin rataya tun da safe, da matan da suka tsaya kan shayi. Maganata uku ce, ta ukun ta fi tsawo, sai ku gyara zama.

Ta farko, aikin bana. Duk bargon da kuke gani a rataye, babu wanda aka sayo yadinsa a kanti. Daga tsofaffin rigunanmu ne, daga labulen da rana ta ci, daga zanen gadon da tsakiyarsa ta mutu gefensa na da sauran rai, daga ragowar da teloli ke sharewa su zubar. Kowace mace tana ɗinka fallenta a ɗakinta, tsakanin girki da wanki, ranar Laraba mu taru a gidan wadda zagaye ya zo kanta, mu haɗa falle da falle, mu shimfiɗa ulu, mu sa shafi. Akwai kuma matasan kai da jakunkuna da 'yan tsana a kan teburin can. Ku duba da ido, wanda ya ci kifi ya wanke hannu kafin ya taɓa.

Ta biyu, Rayis Tijani, saƙo ne gare ka ka isar wa mutanenka. Almakashin yadi ba na yankan taru ba ne, ba na igiya ba ne, ba na gyaran kifi ba ne. 'Yar'uwarmu Baya ta nemi nata har ta gaji, sai a cikin jirgin mijinta aka tsinto shi, ya yi tsatsa yana ƙarni. Da ta yi magana ya ce mata, "Haba Baya, almakashi ai almakashi ne." Ta ce, "Gaskiyarka maigida. Tukunya ma ai tukunya ce, yau a ta rini zan dafa maka kuskus." Washegari ya sayo mata sabo. Muna fatan sauran mazan ba sai an kai su nan ba.

Ta uku, amsa ce ga tambayar da Lalla Suraya ta yi mini bara a wannan ɗaki. Ta tsaya gaban wani bargo ta ce, me ya sa aiki mai kyau haka aka ɓata tsakiyarsa? Ga rigar namiji shuɗiya sukutum, an ninke ta ba a yanka ba, an kama ta da manyan taki kamar ɗinkin mai koyo, ga bakin zare yana reto babu ƙulli. Ban amsa mata ba a ranar, domin mai amsar tana tsaye a bayanta. Yau an ba ni izini.

Mu a nan, kamar yadda kowa ya sani, ba ma sa almakashi a tufar mutum sai ɗayan biyu: ko ya miƙo ta da hannunsa, ko ya rasu. Haka muka tarar, haka muke yi. Kuma duk yaron da zai shiga makaranta, ƙungiya takan ɗinka masa bargo, a sa ƙyalle daga tufar uwarsa, a sa ƙyalle daga tufar ubansa.

Rigar nan ta Lasad ce, ɗan Khalti Sasiya. Ya fita kamun kifi da abokansa, iska ta tashi, jirginsu bai dawo ba. Ba a ga katako ba, ba a ga gawa ba. Ya bar matarsa Dalanda da ciki, kuma yarinyar da ke cikin, Galiya, ita ce ta isa makaranta bara. Da muka zo ɗinka mata bargo, babu mai ƙarfin halin zuwa neman tufar uba. Khalti Sasiya da kanta ta shigo mana da rigar a ƙarƙashin mayafi. Ta ce, "Ga ta. Jikata ba za ta kwana da bargo mara uba ba. Amma wallahi duk wadda ta kusanto ta da almakashi, ba ni ba ita har abada." Na ce, "To Khalti, yaya za mu yi?" Ta ce, "Ku ninke ta, ku kama ta da zare, kada ku ƙulla. Ranar da ya shigo sai in ja zaren, in kaɗe masa rigarsa ya sa." Haka muka yi, kuma abin da kika gani ke nan, Lalla Suraya.

Jama'a, ninkakkiyar riga ba ta cutar da kowa, amma akwai wadda aka ninke tare da ita. Alƙali ya daɗe da yanke hukunci a kan auren Dalanda, ya raba shi. Ta yi idda ta gama. Shaihu Mukhtar ga shi nan zaune, ya gaya mata, ya sake gaya mata, cewa babu abin da ya hana ta aure. Mai nema ma bai ɓuya ba: Si Farid ne, mai gyara mana kekunan ɗinki. Keken Dalanda bai taɓa lalacewa ba a sanina, amma duk garin nan babu keken da ya sha mai kamarsa. Mutumin kirki ne, ya yi jira har jiran ya ishe shi, ya ce idan an gama girbin zaitun bai ji komai ba, zai tattara ya koma birnin Safakis, shagon ɗan'uwansa.

Na kira Dalanda na ce, "'Yata, me kike jira?" Ta ce, "Khalti Munjiya, ina son sa, ba zan ɓoye miki ba. Amma Khalti Sasiya ita ta riƙe ni ranar haihuwa, kwano ɗaya muke ci. In na fita rigar nan tana ninke, na bar ta ita kaɗai tana sauraren ƙofa. Ba zan iya ba." Ban matsa mata ba. Kuma duk lokacin da zuciyar tsohuwa ta fara saukowa, sai wani mai son a ce ya san duniya ya bayyana a ƙofarta: an ga Lasad a Italiya yana wankin kwanuka, an ga mai kama da shi ya tara gemu yana sayar da laima. Babu wanda ya gan shi da idonsa, kullum wani ne ya gaya wa wani. Ku da kuka kai mata waɗannan labarai kun san kanku, wasunku ma kuna bakin ƙofar nan.

Zaren da ba a ƙulla ba, kowace maɗinkiya ta sani, ba ya zama. Yarinya ta juya cikin barci, taki ya saki, rigar ta zame. Duk sanda ya saki, Dalanda ce ke zama ta mayar da shi. Wata safiya a watan jiya Khalti Sasiya ta fito tsakar gida ta same ta a kan wannan aiki. Da rana ta zo gidana, ta ƙi zama, ta ƙi shayi. Ta ce, "Munjiya, yarinyar nan da na kawo gidana, da magariba take zura zare a allura ba fitila. Yau da safe, ga hasken rana, na ga tana miƙa hannu nesa, tana ƙanƙance ido tana neman ramin allura, irin yadda ni da ke muke yi. A gidana ta kai haka, ni kuwa ina can ina kallon ƙofa."

Larabar da ta biyo, a gidan Baya muka taru. Khalti Sasiya ta zo da bargon, ta shimfiɗa shi a tsakiyarmu, ta kama bakin zaren ta ja. Ya fito gaba ɗaya, kamar yadda ta tsara tun farko. Ta ɗaga rigar ta kaɗe ta. Ta tsinke maɓallan ɗaya bayan ɗaya ta ƙulle a bakin mayafinta. Sannan ta ce, "Baya, miƙo min sabon almakashin nan naki." Baya ta miƙo, ta ce, "Kawo in taya ki, Khalti." Ta ce, "Bari. Ni na ɗinka masa ita, ni zan yanka. In ya dawo ya tambaya, ku ce ni ce." Ta yanka. Ni dai na yi kuka, ba zan musa ba. Da ta gama ta juya ga Dalanda ta ce, "'Yata, aika wa mai gyaran keken nan ya daina ɓarnar mai, ya turo manyansa."

Bargon shi ne wancan na tsakiya. Shuɗin da kuke gani ya watsu a cikinsa, rigar ce. Khalti Sasiya ta ɗinka kowane ƙyalle da hannunta, ta ƙulla kowane zare. Na Galiya ne, ba na sayarwa ba, don Allah kada a taya. Za a ɗaura aure bayan girbin zaitun, Si Farid ya fasa Safakis, ya kama gida a lungun Khalti Sasiya.

Roƙona ɗaya ne, ina yin sa gaban liman, gaban hukuma, gaban shugaban masunta. Daga yau kada wanda ya ƙara zuwa ƙofar matar nan da labarin an ga wane a gari kaza. Wanda ke son ya kai mata wani abu, ya kai mata kifi, ya kai mata gaisuwa, ya zauna ya sha shayi. Abin da ta yanka ya yi mata tsada, kada ku sa ta sake yankan sa.

Allah ya albarkaci wannan taro. Allah ya tsare mazanmu a kan teku, ya dawo mana da su duk safiya. Allah ya ƙara wa idanunmu haske da hannayenmu ƙarfi. Allah ya sanya alheri a auren Dalanda da Si Farid, ya raya Galiya. Allah ya jiƙan waɗanda tufafinsu ke cikin bargunan nan: ya jiƙan mahaifiyata, ya jiƙan mahaifin Baya, ya jiƙan duk waɗanda muka binne da hannunmu.

Saura suna ɗaya. Shekara da shekaru idan aka ambace shi a garin nan, Allah ya dawo da shi ake cewa. Uwarsa, ga ta can zaune a layin gaba, ta ce ni in fara faɗa yau a gaban kowa, domin nata bakin bai iya ba tukuna, ku kuma ku taya ta da amin.

Allah ya jiƙan Lasad ɗan Sasiya.

Na gode.