Soket a Bakin Taga

A kan bencin tasha, wata dattijuwa tana ta jujjuya doguwar wayar jona wuta wadda bakinta ya narke. Mai gyaran wuta da ke gefenta, jakar aiki a cinya, ya kasa yin shiru.

"Mama, hitar ɗumama ɗaki kika jona da wannan?"

"Ita fa, ɗan nan. Sai ƙauri na ji da safe. Ta uku ke nan, wata zan sayo."

"Ko goma kika saya, haka za su yi. Hita ta fi ƙarfin siririyar waya, soket ɗin bango take so. A ina kike shimfiɗa wayar?"

"Ƙarƙashin darduma har zuwa gadon maigidan, kada ya yi tuntuɓe. Ƙafafunsa sun gaji."

"Subhanallahi! Ai dardumar ce ke dafa ta. Allah ne ya tsare ku. Ki ja gadonsa kusa da soket."

Ta yi ajiyar zuciya.

"Gadon yana bakin taga. Shekara huɗu bai taka waje ba, ta nan yake amsa gaisuwar masu wucewa. In bar shi a nan, sanyi. In janye shi, kuka. Wallahi na gaji."

Mutumin ya karɓi wayar ya duba.

"Ni na ja gadon babana zuwa soket. Ya samu ɗumi kam. Bango ya yi ta kallo har ya rasu."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin. Bar gadon inda yake, Mama. Kwatanta mini gidan. Soket ɗin za mu kai masa."