Bakin Igiya

A tashar bas ta Sharada, Malam Ashafa ya ji wani saurayi yana murna wai kulob ɗin ƙwallon ƙafa na masaka zai koma babban filin wasa.

"Yaro, me namu filin ya yi muku?"

"Haba Baba, filin da aka kewaye da igiya? Can kuna zaune a sama, kuna hango komai."

"Ni a bakin igiyar nake tsayawa."

"Ƙura kuke zuwa sha ke nan."

Ashafa ya daɗe yana murza idanunsa.

"Mai lamba bakwai ɗana ne. Aikin rini ya ci min ido. Sai ya matso gefena nake gane shi."

Saurayin ya sassauta murya.

"To sai ku zauna layin gaba, Baba."

"Layin gaba ai na masu babbar riga ne."