A Ba Kawu Vendel Aji

Mai girma shugaban wannan zama, Magajin Garinmu, Mista Bertalan Kocsis. Fada Imre, wanda ya baro coci don ya raba mu idan mun kaure. Shugabar makarantar kiɗa, Madam Etelka Somodi. 'Yan kwamiti su bakwai da za su ɗaga hannu yau. Iyayenmu mata da suka yi sammako suka kame kujerun kusa da hita. Dattawa da matasa, 'yan ƙabilar Magyar da 'yan ƙabilar Roma, jama'ar gari baki ɗaya, ina gaishe ku gaisuwa ta girma.

Ina godiya ga kwamiti da ya ba ni minti goma. Idan akwai wanda bai san ni ba, ni ne Kalman Burai, mai haɗa famfo da bututun ɗumama ɗaki. Karatuna a sakandare ya tsaya, ita ma da ƙyar na fito. Da keke na fara yawon gyara, yau sunana ne a jikin motocin da kuke gani, kuma ɗumin da kuke ji a zauren nan aikin hannuna ne. Ba alfahari nake yi ba. To, ɗan kaɗan.

Abin da ya tara mu guda ne: ko za a ba Kawu Vendel Danyi, shugaban masu gogen garin nan, aji a makarantar nan, ko ba za a ba shi ba. Madam ta ce ba shi da takardar shaida, kuma ba ya karanta rubutun kiɗa. Duka biyun gaskiya ne. Ni shaida ne, ko takardar abinci sai ya ba matarsa ta karanta masa.

Na farko, an ce bai san koyarwa ba. Ni ɗalibinsa ne. Mahaifina shekara talatin yana tsaye a bayansa da babban goge, don haka da na kai sha biyu aka kai ni wurinsa. Na ja sandar goge sau uku. Ya dube ni cikin tausayi, ya ce, "Ɗan nan, ajiye gogen nan, bai yi maka laifin komai ba. Je ka koyi sana'a." Jama'a, malamin da zai gane jaki a ja uku, ya kuma nuna masa hanyar arziki, ina wanda ya fi shi? Wasu malaman sai sun riƙe yaro shekara shida kafin su faɗa wa uwarsa gaskiya.

Na biyu, ku dubi hotunan da ke rataye a bangon nan, manyan masu tsara kiɗa, masu gashi kamar sun fito daga guguwa. Ina girmama su. Amma wannan salon da ake fara shi da jan ƙafa kamar mai rakiyar gawa, sannan a zabura a guje kamar an kunna wuta a rumbu, a ina wasunsu suka ji shi? A gidajen cin abinci suka zauna, miyar kifi na hucewa a gabansu, suna sauraron makaɗan Roma, kakannin irin su Kawu Vendel. Wasu kuma ƙauye suka shiga suka ɗauko waƙoƙin tsofaffin manoman Magyar. Suka rubuta, suka gyara, suka sa wa kiɗan baƙar kwat, suka kai shi Vienna, duniya ta tafa. Mun gode musu, sun kai mu inda ko fasfo ba mu da shi. Sai dai yau kiɗan ya dawo gida da kwat ɗinsa, ya tsaya a ƙofa yana tambayar kakansa takardar shaida.

Na uku, bari in taɓa abin da kowa ke tunani ba ya son faɗa, wato wasan bara. Madam, cikin kyautatawa, ta zaunar da Kawu a tsakiyar makaɗan makaranta su arba'in. Aka fara lafiya lau. Da aka zo wurin jan ƙafa, sai Kawu ya hango Inna Piroska a layi na uku, wadda ta binne mijinta a watan. Ya juya mata, ya kama sauti ɗaya ya riƙe. Ya riƙe. Makaɗa arba'in suka wuce, suka juya shafi, suka kai ƙarshe, suka miƙe don karɓar tafi, Kawu yana nan bai saki ba, sai da Inna ta gyaɗa masa kai.

Madam ta same shi a bayan labule ta ce, "Kawu, takarda ta ce bugu biyu!"

Ya ce, "'Yata, ita takardar mijinta ne ya mutu?"

Madam, kuskure ne, na yarda, ya ɓata miki wasa. Amma a ƙungiyarsa ba a kallon takarda, kafaɗarsa ake kallo, shi kuma yana kallon fuskar wanda ake yi wa. Ya ɗauka kowa haka yake yi. Shekara sittin ba wanda ya faɗa masa.

Sai abin da ya fi damuna, kuma a nan zan rage wasa. Kun sani kowane ɗan garin nan yana da takensa. Ranar aurenka Kawu ya zo kusa da kunnenka ya ja maka shi. Ka shiga gidan abinci, kafin ka cire hula ya fara. Ranar da za a sa ka a ƙasa kuma, shi ne abu na ƙarshe da za a yi a bakin kabarinka. Za a iya rubuta kiɗan, ban musa ba. Amma wane take ne na wa, ina ake tsayawa don mai shi ya haɗiye kuka, wa ke son a yi masa a guje don kada a ga idonsa, wannan duk yana cikin kai ɗaya, kuma kan nan shekararsa saba'in da tara. Hannun hagunsa ya fara rawa. 'Ya'yansa ɗaya yana tuƙi a Jamus, ɗaya likitan haƙori ne. Ni da aka kora daga goge, ni ma ina da takena. Na tanadi kabari mai kyau, da dutse daga Italiya, kuma ba na son a kunna mini rediyo a kai.

Madam Etelka, da izininki. A garin nan aka haife ki, kafin a tafi da ke Budapest ki zama abin da muke alfahari da shi. Mahaifiyarki Julianna ce mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa. A can birni ta rasu, a can aka binne ta, ba mu samu labari ba sai bayan sati biyu. Shekaranjiya Kawu ya ce mini, "Kalman, take ɗaya ne ban kai wa mai shi ba. Shekara sha ɗaya ina ɗauke da shi, kuma ina jin kunyar tare 'yarta a hanya." Idan kin ce a'a, gogen zai zauna a akwatinsa, ba wanda zai ga laifinki.

Madam ta gyaɗa kai. Kawu, tashi ka yi taken Julianna. Minti uku daga cikin gomana naka ne.

To. Kun ji. Kun kuma ga inda ya tsaya ya jira, ya jira har sai da Madam ta ɗago. Bugu nawa ne wannan, 'yan kwamiti? Ni ban ƙirga ba, wani abu ya faɗa mini a ido.

Mai girma Magaji, na ga hannun Madam a sama tun ba a kira ƙuri'a ba. Madam, hankici kike nema ko hannu ne? Ta ce hannu ne, amma da sharaɗi: ɗalibansa za su koyi karatun takarda a wurinta da safe, su koyi kallon fuska a wurinsa da yamma. Kawu, ka yarda? Ya ce ya yarda, muddin ba ni za a fara kawo masa ba.

Allah ya ji ƙan Julianna da duk waɗanda aka raka da takensu. Allah ya ƙara wa hannun Kawu Vendel ƙarfi har ya juye abin da ke kansa a kan yaranmu. Allah ya ba Madam haƙurin zama da shi, don za ta buƙata. Allah ya haɗa kan garin nan, ya mai da kowa gida lafiya, ya kuma jinkirta ranar da za a yi mini nawa taken.

Na gode.