Ranar da Gawar Maimuna Ta Jira La'asar

Assalamu alaikum. Shugaban taron ga, mai girma maigari, liman da na'ibinsa, malam direktan madarasarmu, malamai maza da mata, iyaye 'yan uwana, ina gaishe ku gaisuwar girma. Na gode da kunka bar tsohuwa ta tsaya gabanku. Wanda bai san ni ba, ni ce Habsa, shekara talatin da ɗaya ina wankan gawar mata a garin ga.

Na ji abin da ya tara mu: wai a ɗauke awa biyun addini na ran Laraba a ƙara ma faransanci da lissafi, tunda jarrabawa ta matso. Wallahi raina ya ɓaci, kuma sai na faɗi dalili.

Na farko, ku tuna bazarar bana, ranar da Maimuna matar Isma'ila ta rasu. Ta cika da hantsi, ni kuwa ina Filinge wurin likitan ido. Mata tara cikin gidan nan, huɗu masu sartifika, guda har koleji ta yi. An tona kabari, maza sun yi alwala sun zauna. Babu wadda ta san ta ina ake farawa. Dama ko hagu? Ƙyalle nawa ne likkafanin mace? Ga ganyen magarya cikin ƙwarya, an tsaya ana kallonsa. Wata yarinya ta jawo tarho ta ce, "Inna, da na duba muku, rezo ne babu, tarhon ba shi kamawa." Rezo, jama'a! Sai da anka tura kabu-kabu ya ɗauko ni. Na iso da la'asar, cikin zafin nan da kunka sani. Isma'ila shina bakin zaure, bai iya dubana ba, ya ce, "Iya Habsa, ku hanzarta, gawar ta fara sakewa." Baiwar Allah da ba ta taɓa jinkirta salla ba!

Na biyu, kada kowa shi ce ina ƙin lakwal, wato karatun boko. Ni da ba ni iya karanta takardar maganina, na san zafin rashin karatu. Amma mu munka miƙa ma lakwal ɗiyan ga tun safe har marece. Lokacin da muke zama gaban tsohi muna koyo, lakwal ta ɗauke shi duka. Wadda ta ɗauke yini, ita za ta koyar da abin da yinin nan ke koyarwa.

Wasu sun ce a koya a gida. Wane gida? Gidan da anka tsaya kallon magarya? Malama A'isa ta ɗinka 'yar tsana ta tsumma tana nuna ma manyan 'yan mata wanka da suturta mamaci, ku kuma kunka tada hayaniya, wai mugun fata take yi ma ɗiyanku. Subhanallahi! Mutuwa tana jiran a yi mata fata ne?

Na ƙarshe. Da can mu huɗu muke aikin ga. Uku ni na wanke su da hannuna. Idona shina dushewa. Yanzu za a ce a ɗaga hannu. Duk mai ɗagawa a soke Laraba, shi dube ni tukuna, shi faɗa mini sunan wadda za ta wanke ni.

Allah shi jiƙan Maimuna. Allah shi ba ɗiyanmu sa'ar jarrabawa, shi ba mu damina mai albarka, shi zaunar da ƙasar Kurfai lafiya. Ni kuwa, ya Ubangiji, ka jinkirta mini har yarinya guda ta iya.

Na gode.