Ummi Ta Haɗa Jakarta

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Sabi'u, ɗalibi ne ni a Alƙahira, ina zaune a unguwar Ainu Shams.

Tun bara nake shirin kawo maiɗakina da 'yarmu Ummi daga Zariya su yi hutu. Na yi wa Ummi alkawarin doguwar tafiya a mota har bakin Bahar Maliya, inda akwai babban wurin wasan yara mai lilo da wasan ruwa. Na samu direba, na san har inda za mu tsaya mu yi salla.

Sai rikici ya ɓarke a nan Alƙahira, aka sa dokar hana fita. Surukina ya kira ni ya ce, "Sabi'u, jikata ba za ta shiga garin da ake harbe-harbe ba." Na ce, "To, Baba."

Yanzu ni kaɗai nake wuni a ɗaki. Jiya Ummi ta ce mini a waya, "Abba, na haɗa jakata, yaushe za mu tafi?"

Jama'a, me ake gaya wa 'yar shekara biyar? Ku ba ni shawara. Ina gaida mamanta, in tana saurare.