Rakiyar Malama Nazarbegim Zuwa Karatun Dokta

Shugaban wannan taro, Malam Oshurbek, wakilin ofishin ilimi na gundumarmu, dattawanmu maza da mata, 'yan'uwana malamai, iyayen yara, da ku ɗalibai da kuka cika tagogi saboda kujeru sun ƙare, assalamu alaikum.

Ga baƙinmu na birnin Horog da ba su san ni ba, ni ce Sabzagul, shugabar wannan makaranta. Ina gode wa matan da suka tsaya kan tukunyar shinkafa tun da safe, ina gode wa mazan da suka bar tonon dankali suka zo, ina kuma gode wa Malama Nazarbegim da ta yarda in yi magana a kanta alhali ta san bakina.

Zan fara da laifina. Yaranmu da harshenmu na Shugni suke tashi a gida, sai sun shigo makaranta suke karo da Tajik, harshen ƙasa. Mu dai yadda aka koyar da mu, a rubuta a allo, a maimaita, a kama baki. Ita kuwa Nazarbegim sai ta raba su huɗu-huɗu suna kwaɓa gurasa, wanda ya ɗan iya Tajik yana jan wanda bai iya ba, ajin ya fi kasuwa hayaniya. Na kira ta ofis na ce ko ta gyara ko in rubuta takarda a kanta. Ta ce, "Inna, ki ba ni wata uku. In ba su yi magana ba, ni zan rubuta takardar, ke sa hannu kawai za ki yi." Kafin wa'adin ya cika, na ji yaran da ba sa iya gai da baƙo suna musu da wani direban Dushanbe, babban birnin ƙasa, da harshensa na Tajik.

Abu na biyu, neman da ta yi. Ta gano akwai masana da ra'ayinsu ke nan: harshe na biyu cikin mutane ake koyonsa, cikin aikinsu da al'adarsu, mai sani yana tallafar mai koyo har ya tsaya da ƙafarsa. Ta ƙudura yin digirin dokta a wannan fanni, amma a ina? Kun sha ganinta a kan rufin makaranta da waya a hannu, don nan ne kawai intanet ke kamawa. Jami'o'in da ta fara dubawa, yawancinsu ƙirga kurakuran ɗalibai suke yi. Sai ta daina bin sunan jami'a, ta koma bin sunan malami: wa ya rubuta abin da ya yi mata daɗi, a ina yake koyarwa, yana ɗaukar ɗalibai?

Wasiƙu goma sha huɗu ta aika. Tara shiru. Biyu suka ce babu gurbi. Ɗaya ya ba ta shawara ta bar batun Shugni, wai ba wanda ya san shi. Ranar ta zo gidana, ta ƙi taɓa shayin madarar da na zuba mata, ta ce ta haƙura. Na ce, "Ni da nake shugabarki na so tsayar da ke na kasa, wasiƙa ce za ta tsayar da ke? Sha shayinki, saura biyu."

Biyun nan duk suka amsa, duk suka nemi ganawa ta bidiyo. Ranar ganawa ta biyu duwatsu suka rufto suka toshe hanyar Horog, inda intanet ke da ƙarfi. Mahaifinta, Baba Shodmon, ya ajiye motarsa, ya ɗauki jakarta, suka tsallake da ƙafa, mutum mai shekara saba'in da ɗaya. Ta zauna gaban farfesoshi da ƙura a gira, ta kuma yi nasara.

Abu na uku, zaɓinta, don jami'o'in biyu duk sun ba ta gurbi. Jami'a ta farko babba ce, mai suna, amma a birninsu suke so ta yi binciken. Ta biyu ƙarama ce, sai dai farfesar can ta ce a shekara ta biyu ta dawo ta yi shi a ƙauyenmu. Nazarbegim ta ɗauki ƙaramar. Da aka gaya wa Baba Shodmon, tambaya ɗaya ya yi, ko irin wannan doktar tana duba ciwon gwiwa.

Saboda haka ina roƙonku, jama'a. Idan ta dawo da na'urar ɗaukar murya, ku buɗe mata ƙofofinku. Kakanni, kada ku gyara zama, kada ku canza harshe, kada ku kori jikoki daga ɗakin. Hirar da kuke yi da su kuna saƙa safa, ita za a kai jami'a a karanta.

Allah ya kai ta lafiya, ya haɗa ta da malamai masu haƙuri. Allah ya ƙara wa mahaifinta ƙarfin gwiwa, na zuci da na ƙafa. Allah ya raya yaranmu da harsunansu biyu, ya mai da kowa gidansa lafiya, ya nuna mana ranar da za mu sake cika wannan ɗaki don tarbarta.

Na gode.