Doki Mai Cizo da Ubangidansa

A kan bencin ƙofar likitan dabbobi, wata tsohuwa mai rungume da kyanwa ta dubi naɗaɗɗen hannun mutumin da ke gefenta.

"Sannu, ɗan nan. Kare ne?"

"Wane kare! Dokina ne. Matsa can, Iya, kin takura ni."

"Da ma mafaɗaci ne?"

"Ina! Har yara ke hawansa. Yanzu da ya hango sirdi sai cizo. Likita ya ce wai bayansa ke ciwo. Ciwon baya ke sa faɗa? Sayar da shi zan yi!"

Ya yunƙura zai miƙe, sai ya dafe ƙugu, ya ja tsaki.

Tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya. "Tun zuwanka ba wanda ba ka ciza ba. Ka bar dokin nan, ka ce a duba ku biyu."